Yadda ake haɗa gishirin ruwan-kiristal a gwada ko yana ɗaukar lantarki kuma yana ba da haske

Akwai wani irin gishiri da yake narkewa sau biyu. Ka ɗuma shi ya narke ya zama wani abu mai kauri mai hazo-hazo kaman bai gama narkewa ba, ka ƙara masa wuta sai ya sake narkewa ya koma ruwa garau. To tsakanin narkewar farko da ta biyun nan duk harkar take, domin a wannan tsakanin abun yana gudana amma ƙwayoyinsa basu watse ba, suna nan a jere falle-falle ko ginshiƙi-ginshiƙi, wannan halin ake cewa ruwan-kiristal, kuma tunda gishiri ne to cike yake da ayon masu caji da zasu iya bin wannan jerin su kai lantarki daga nan zuwa can.

Friedrich Reinitzer ne ya fara lura da narkewa biyu a 1888 a wani sinadari da ya fito daga kolestirol, ya narke a digiri 145.5 ya kuma washe a 178.5, sai dai nashi ba gishiri bane. Ta ɗaya ɓangaren kuma Paul Walden a 1914 ya haɗa gishirin itilamoniyom naitiret da yake narkewa a digiri 12 kacal, alhali gishirin abinci NaCl da kowa ya sani sai an kai shi 801. Abun da zamu haɗa ya ɗauko halin kowanne: jeri irin na Reinitzer, caji irin na Walden.

Tun yanzu ka riƙe wannan domin zan ta dawowa kanshi: babban abokin gaba a aikin nan shine laima, ruwa ɗan kaɗan da gishirin ya tsotsa daga iska zai sa ka ga lantarki ya ƙaru, ya canja maka digirin narkewa, sannan ya rage hasken, wato ƙarya uku daga abu ɗaya. Kuma aikin ɗakin gwaji ne, da akwatin zuƙe hayaƙi da safar hannu da tabarau, ba abun da ake yi a gida bane.

Mataki na 1: ka tsara gishirin a takarda tukuna

Ƙwayar da muke so tana da kai mai caji da jela doguwa ta kabon mai maiƙo. Kan da aka fi amfani da shi shine imidazoliyom, akwai kuma firidiniyom da amoniyom da fosfoniyom. Kawunan suna son junansu saboda caji, jelolin suma suna son junansu, amma kai da jela basa ga maciji, sai kowa ya ware ya nemi ɗan'uwansa, wannan rabuwar ce take haifar da fallen kawuna, fallen jeloli, fallen kawuna, haka haka har sama. Wannan tsarin ake cewa simektik.

Tsawon jelar shine abu na farko da zaka yanke. In ta gaza kabon 12 galibi ruwan gishiri kawai zaka samu mara wani jeri. Ƙungiyar Kenneth Seddon a Belfas ta bi wannan dalla-dalla a ƙarshen shekarun 1990, suka nuna da anayon BF4 (anayon shine ayon mai kishiyar caji da ke zama tare da kan) jerin yana farawa daga kabon 12, da PF6 kuma sai daga 14. Abu na biyu shine anayon ɗin kanshi, ƙanana irin kuloraid da buromaid suna ba da zango mai faɗi sosai, in anayon yayi girma zangon sai ya tsuke, shi kuwa NTf2 da mutane ke so sabida yana rage kauri, a wannan dangin mai jela ɗaya kashe jerin yake yi gaba ɗaya. Ka ga ciniki kenan tun daga farko, abun da ke sa ayon gudu da sauri shi ke rusa layin da kake so su bi.

Sannan siffa. Jela ɗaya tana ba da falle, ayon suna yawo a shimfiɗe. In kan yana da jeloli uku ya zama kaman mafici, sai ƙwayoyin su zagaye su haɗa ginshiƙi da ayon a tsakiya, Takashi Kato da mutanensa a Jami'ar Tokyo sun nuna haka a 2004, lantarkin da ke bin tsawon ginshiƙin ya fi wanda ke tsallaka shi. A 2007 kuma suka fito da tsarin kubik mai hanyoyi da suka sarƙe ta kowace fuska. A ganina mai farawa ya bar waɗannan tukuna, ya ɗauki jela ɗaya mai kabon 16, ita ce mai sauƙin tsarkakewa domin gari take fitowa ba mai danƙo ba.

Mataki na 2: haɗawa

Ka auna giram 4.1 na 1-metilimidazol, wato mol 0.05. Daidai da shi na 1-buromoheksadekan giram 15.3 ne, amma ka sa kamar 16 domin ya ɗan yi rara, shi rarar tana wankuwa da sauƙi, metilimidazol ɗin da ya rage ne ke da wuyar fita. Ka duba kalar metilimidazol ɗinka kafin ka zuba, in ya fara yin rawaya ka tace shi ta hanyar tururi tukuna, kar kace ai ɗan kala ne kawai, wannan ɗan kalar ne zai zo ya haska maka a ƙarƙashin fitila daga baya ka ɗauka gishirinka ne ke ba da haske.

Ka zuba su a kwalbar gwaji mai zagayen gindi da ɗan maganaɗisun juyawa, ka ƙara asitonaitiril ko toluwin kaɗan, ka ɗora bututun sanyaya tururi, ka kori iska da naitirojin, sai ka riƙe zafi tsakanin digiri 70 zuwa 80 na awa 24 zuwa 48. Mutane suna gajiya su ƙara wuta don ya yi sauri, eh zai yi sauri, amma zai fito ruwan ƙasa-ƙasa kuma cire wannan kalar ya fi jiran wahala nesa ba kusa ba.

In ya huce ka cire ruwan narkarwan, ka wanke abun da ya rage da itil asitet sau da dama, sannan ka narkar da shi da zafi ka bari ya sake daskarewa a hankali, ka maimaita har sai ya zama fari tas. A lissafi iyakar abun da zaka samu giram 19.4 ne, in ka samu ƙasa da haka bayan tsarkakewa ba komai, in ka samu sama da haka to ruwa ne ko sauran sinadari.

Mataki na 3: canja anayon in kana so

Zaka iya tsayawa a buromaid ɗin. Amma in PF6 kake so sai ka narkar da garin a ruwa mai ɗumi, ka juya a hankali domin kumfa yake yi sosai, ka zuba narkakken KPF6 da ɗan rara, nan take fari zai fito ya kwanta. Ka tace, ka wanke da ruwa, kowane wanki ka ɗebi ɗan ruwan da ya fito ka ɗiga masa silba naitiret, in ya yi hazo mai launin rawaya-rawaya to har yanzu akwai buromaid, cigaba da wanki har sai ɗigon ya faɗa ruwan bai canja ba. Hattara da abu ɗaya: PF6 da BF4 in suka daɗe da ruwa da zafi suna ɓallewa su fitar da HF, asid ne mai cin gilashi da naman mutum, don haka kar ka dafa su cikin ruwa.

Mataki na 4: busarwa, nan ake cin jarabawa ko a faɗi

Garin zai yi maka kama da busasshe, ba busasshe bane. Gishirin halaid, irin su kuloraid da buromaid, musamman suna jan ruwa daga iska kuma suna riƙe shi a jikin anayon. Ka sa shi ƙarƙashin fanfon zuƙe iska a digiri 60 zuwa 70 na kwana ɗaya ko biyu, in akwai tarkon fosforos fentoksaid ya fi, daga nan kai tsaye zuwa akwatin safar hannu mai naitirojin ko argon, ko aƙalla tukunyar busarwa a rufe ruf. Sannan ka auna ruwan da gwajin Karl Fischer ka rubuta adadin a gefen kowane sakamako da zaka fitar nan gaba, domin adadin lantarki da babu adadin ruwa a gefensa ni dai bana ɗaukarsa da muhimmanci.

Ka kai ɗan samfur na'urar NMR, wadda ke nuna kowane irin haidirojin da ke jikin ƙwayar a matsayin tsini a kan zane. Akwai haidirojin ɗaya da ke zaune tsakanin naitirojin biyu na zoben imidazoliyom, shi zaka zuba wa ido, a gishirin buromaid cikin kulorofom yana fitowa wajen 10 a ma'aunin zanen, in canjin anayon ya yi kyau zuwa PF6 sai ka ga ya ja baya zuwa wajen 8.5. In ya tsaya a tsakiya ko ka ga wasu ƙananan tsinina kusa da na zoben, aikin bai kammala ba, ka koma wanki.

Mataki na 5: nemo digirin narkewa biyun

Fara da na'urar TGA, ita tana auna nauyi yayin da ake ƙara zafi, zata gaya maka inda gishirin ya fara ƙonewa domin kar ka wuce nan, kuma in ka ga nauyi ya ragu tun kafin digiri 120 ka san ruwa ne ke fita. Sai DSC, ita kuma tana auna zafin da samfur ke sha ko fitarwa ta zana shi a matsayin tudu: miligiram 3 zuwa 5 a ɗan kwanon alminiyom a rufe, digiri 5 ko 10 a minti, sama, ƙasa, sama. Zagayen farko kar ka dogara da shi sabida yana ɗauke da tarihin yadda garin ya daskare, na biyu ake rubutawa.

Narkewar farko tudu ne babba, gomman kilojul a kowane mol, domin a nan jeloli ke saki su fara lilo. Ta biyun kuwa ɗan ƙanƙanin tudu ne, wani lokaci wajen kilojul 1 ko ma ƙasa, in baka faɗaɗa hoton ba wallahi zaka wuce shi kace babu. Ga gishirin PF6 mai kabon 16 ka sa ran ganin na farko wajen digiri 75 na biyu wajen 125. A hanyar sanyaya kuma daskarewa tana yin jinkiri sosai, ya wuce digirin narkewarsa bai daskare ba, ba matsala bane halinsu ne.

Mataki na 6: ka gani da idonka

Wannan shine ɓangaren da ya fi daɗi. Ka sa ɗan gari tsakanin gilashi biyu siriri a kan farantin ɗumi na maikiroskof mai matatan haske guda biyu da aka gicciye. Ruwa na yau da kullum baƙi ƙirin zai nuna domin haske baya wucewa. Ka ɗuma har ya washe gaba ɗaya, fili ya yi baƙi, sai ka fara sanyaya a hankali, digiri 1 ko 2 a minti. Daf da digirin washewa zaka ga wasu ƴan sanduna masu ƙyalli sun fara ɓullowa daga cikin duhun, suna tsawo suna haɗuwa, har su zama zane mai buɗewa kaman fuka-fukai masu kala. Wannan shine alamar simektik A.

Amma ga tarko: gishirin nan suna son kwantar da fallensu daidai da fuskar gilashi, kawuna masu caji su manne wa gilashin, in haka ta faru kana kallon fallen daga sama kenan kuma zai nuna baƙi duk da cewa jerin yana nan. Kafin ka yanke cewa babu komai ka ɗan tura gilashin sama da bakin allura, in ka ga walƙiya ta gifta ko wasu zare-zare masu haske sun fito, to yana nan. Duba kuma gefen kumfar iska, nan haske ke fara fitowa. Tsarin kubik shi kam ko ka tura baƙi ne, sai dai ka ji yayi tauri sosai.

Mataki na 7: hasken eksire

Ido ya ba ka zato, eksire ne ke tabbatarwa. Ka cika siririn bututun gilashi da samfur ka toshe bakinsa da wuta, ka auna a digirin da jerin yake. Da hasken jan ƙarfe mai tsawon angistirom 1.54 da dokar Bragg zaka fitar da kaurin falle, misali tsini a kusurwar 2θ (wadda na'urar ke nunawa) ta digiri 2.9 yana nufin kusan angistirom 30. In tsininan suna bin 1, 2, 3 falle ne. In suna bin 1, 1.73, 2 ginshiƙai ne masu jerin kusurwa shida. Can nesa kuma zaka ga wani tudu mai faɗi wajen angistirom 4.5, shine shaidar cewa jeloli a narke suke, in siraran tsinina ka gani a wurin to har yanzu daskararre ne kake aunawa. Yawanci kaurin fallen ya fi tsawon ƙwaya ɗaya amma bai kai biyu ba, domin jelolin sama da na ƙasa suna shiga cikin juna.

Mataki na 8: auna lantarki

Kar ka ɗauko mita ta gyaran waya ka soka, bata aiki a nan, domin ayon ne ke tafiya ba ilektiron ba, in ka sa wuta mai tafiya ɓangare ɗaya ayon zasu je su taru a jikin ƙarfe su tsaya cak. Wuta mai kai da komo ake amfani da ita, ƙarama, milibolt 10 zuwa 100, ana canja saurinta daga hez 1 har miliyan 1, na'urar imfidans kenan. Zanen da zai fito rabin da'ira ne da jela a miƙe, inda rabin da'irar ya sauko ya haɗu da jelar nan zaka karanta turjiyar samfurin.

Lissafin ba wuya: kauri a raba da turjiya sau faɗin fili. Ace kaurin maikiromita 50 ne wato santimita 0.005, fili santimita murabba'i 1, turjiya om 500, zaka samu 0.00001 simens a santimita. Domin ka san inda kake, ruwan batirin litiyom na yau da kullum yana wajen 0.01, su kuwa gishirin ruwan-kiristal galibi suna ƙasa da haka sosai sai an ɗuma su sannan suke matsowa. Kafin komai ka gwada akwatin awon naka da ruwan KCl mai mol 0.01 a lita, wanda aka san yana ba da maikirosimens 1413 a santimita a digiri 25.

Yanzu ainihin dalilin da yasa aka sha duk wannan wahalar: fuska biyu zaka auna. Fallen kawuna kaman titi ne, fallen jeloli kuma katanga ce ta maiƙo tsakanin titi da titi, bin titin sauƙi, haura katangar wuya. In ka matse samfur tsakanin gilashi biyu masu rufin ITO (siririn rufi mai ɗaukar lantarki da haske ke ratsawa) kuma fallen suka kwanta daidai da gilashin, to haura katanga kake aunawa, adadin zai fito ƙarami. Domin auna bin titi sai ka yi amfani da ilektirod na zinare masu siffar haƙoran mataji biyu da suka shiga juna a kan gilashi ɗaya. Sai ka raba wannan da wancan. Amma fa dole ka leƙa ta maikiroskof ka tabbatar yadda fallen suka kwanta a cikin akwatin awon kanshi, ba a wani gilashi daban ba, in ba haka ba matsakaicin ɗaruruwan ƙananan yankuna masu kallon ko'ina kawai ka auna. Falle yana jeruwa in an sanyaya a hankali daga ruwa garau, ginshiƙai kuma sai an goga gilashin sama ta fuska ɗaya su kwanta su bi ta.

Ka auna a digiri daban-daban, ka jira minti 15 ko fiye a kowanne, ka zana logaritim na sakamakon da 1000 a raba da zafin kelbin. A digirin narkewar farko zaka ga tsalle babba. A digirin washewa kuma abun sha'awa, a fuskar bin titi wani lokaci lantarkin raguwa yake yi duk da zafi ya ƙaru, sabida titin ya rushe. In ka ga wannan ka ji daɗi, shaida ce mai ƙarfi cewa jerin yana aiki. In kuma zagayen sama da na ƙasa basu yi daidai ba, na farko ya fi yawa, ruwa ne ya fita a hanya.

Jerin nan ba kwalliya bane kawai. A 2005 masu bincike a Jafan sun sa gishirin ayodaid mai kabon 12 da aidin a cikin sel ɗin hasken rana mai rini, irin wanda O'Regan da Grätzel suka fito da shi a 1991, kuma duk da kaurinsa ya yi aiki da kyau, domin ayodaid sun taru a falle ɗaya kusa da juna suna miƙa wa juna caji ba sai kowanne ya yi tafiyar da ƙafarsa ba. In kuma batir kake tunani, ka sani awon imfidans baya gaya maka wane ayon ne ya motsa, zai iya zama anayon ne ke ta gudu litiyom yana zaune, wannan sai da gwajin Bruce da Vincent na 1987.

Mataki na 9: sa masa haske

Imidazoliyom tsantsa baya ba da wani hasken kirki, sai ka saka masa. Hanya uku ce. Ko ka ɗaura wani zobe mai haske irin fairin ko naftalin a jikin katayon, wato ƙwayar mai kai da jela, ko ka mai da anayon ɗin ya zama mai ƙarfe a tsakiya, ko ka barbaɗa ɗan sinadarin yurofiyom a cikin gishirin da ka riga ka haɗa.

Hanyar farko tana da matsalarta, zobba masu faɗi in suka cunkushe suka kwanta kan juna sukan kashe hasken juna, kuma jeri ai cunkoso ne. Mafita ta zo daga aikin Ben Zhong Tang a Hong Kong a 2001, wasu ƙwayoyi masu murɗaɗɗen jiki da basa haske a narke amma suna haskawa in sun cunkushe domin sun rasa wurin juyi, tetirafenil-itilin shine wanda aka fi ɗauka yanzu. Akwai kuma dangin bayolojin masu canja kala zuwa shuɗi in an ba su ilektiron, sai dai ka yi hattara, ƙaramin cikinsu shine gubar kashe ciyawa farakwat.

Hanya ta biyu ce na fi so wa mai farawa. Ka ɗauki kashi 2 na gishirin buromaid ɗinka da kashi 1 na MnBr2 a lissafin mol, ka narkar da su a busasshen metanol ko itanol, ka cire ruwan ka busar, manganis zai zauna tsakanin buromaid huɗu, kuma irin wannan zaman yana ba da kore wajen nanomita 520 a ƙarƙashin fitilar 365. Ƙungiyar Anja-Verena Mudring ta yi irin haka da yurofiyom da tabiyom da disfurosiyom masu buromaid shida. Yurofiyom ja yake bayarwa wajen 612, tabiyom kore wajen 545, layukansu sirara ne kalar tana fita tsaf. Su waɗannan ƙarafan basa shan haske sosai da kansu, shi yasa a hanya ta uku ake naɗe su da wani sinadari da zai sha hasken ya miƙa musu, dabarar da Weissman ya gano tun 1942. Ko wace ka bi, ka canja gishirin kenan, sai ka koma mataki na 5 da na 6 da na 7 ka tabbatar jerin bai ɓace ba.

Ga laima ta sake dawowa. In ruwa ya manne wa yurofiyom, girgizar haɗin oksijin da haidirojin tana shanye ƙarfin ta mai da shi zafi, hasken ya dushe kuma ya riƙa mutuwa da wuri. Kaga samfur ɗaya mai laima zai nuna maka lantarki mai kyau da haske mara kyau, ka busar da shi abun ya juye.

Wajen awo ka sa tabarau mai tare hasken fitilar, ka yi amfani da farantin kwaz domin gilashi yana shanye haske mai gajeren zango. Ka ɗauki zanen shan haske, da zanen fitar haske, da zanen tayarwa. Na tayarwa ya kamata ya yi kama da na sha, in basu yi kama ba, ko kuma kana matsar da hasken tayarwa kalar da ke fita tana binka, to ka zargi datti. Yawan haske da ke fita a kan wanda ya shiga, a ruwa ana kwatanta shi da kwinin salfet a cikin asid mai kusan 0.55, amma ga abu mai hazo irin namu sai da ƙwallon tattara haske. Ka auna tsawon rai shima, na zobba nanosakan ne, na yurofiyom yana kai ɗaruruwan maikirosakan har zuwa milisakan. Duk wannan ka yi shi a daskararre, a jeri, da kuma a ruwa garau, yawanci haske raguwa yake da zafi, kuma wannan ciwon kai ne na gaske tunda lantarki zafi yake so haske kuma sanyi. In samfurin ya jeru ta fuska ɗaya ka sa matacin haske a gaban na'urar ka juya shi digiri 90, bambancin da ka gani shine abun da ruwan gishiri mara jeri ba zai taɓa ba ka ba.

Mataki na 10: kafin kace zaka yi fitila da shi

Abu ya haska a ƙarƙashin fitila daban, ya haska don an jona masa wuta daban. Na biyun yana buƙatar ilektiron da gurbinsu su shiga daga gefe biyu su haɗu a tsakiya, kuma gishirin da muka haɗa ayon kaɗai yake ɗauka. Na'urar da Qibing Pei da Alan Heeger da abokan aikinsu suka fito da ita a 1995 haka take aiki: falle ɗaya mai folima mai ɗaukar ilektiron da gishiri a gauraye, ayon su matsa gefen ilektirod su sauƙaƙa shigar caji, sai ta kama a ƴan bolt kaɗan, amma takan yi jinkirin kamawa domin sai ayon sun isa inda zasu. Don haka in nan ka dosa, katayon ɗinka yana buƙatar wani ɓangare irin kabazol da ilektiron zasu bi, ko ka gauraya gishirin da folimar da zata yi wannan aikin.

Gwajin gane inda ka tsaya mai sauƙi ne. Ka sa busasshen samfur tsakanin ilektirod biyu na zinare ko bakin ƙarfe mara tsatsa, ka ba shi ƙaramar wuta mai tafiya ɓangare ɗaya, kamar milibolt 50 zuwa 100, ka bar na'ura tana rubuta abun da ke wucewa na awa ɗaya ko fiye. Da farko zai yi yawa sai ya riƙa sauka yayin da ayon ke taruwa a gefe. In ya sauka har kusan sifili, ayon ne kaɗai. In ya tsaya a wani adadi ya ƙi sauka, wannan ragowar na ilektiron ne, sai ka raba shi da na farko ka san kashi nawa ne, kuma ka maimaita a digirin jeri da na ruwa garau a cikin akwatin naitirojin, domin ruwa ko oksijin da suka shiga zasu iya ba da irin wannan ragowar ta ƙarya.